Yadda Ake Karanta Ƙuri'ar Jin Ra'ayin Jama'a Kafin Zaɓen Ayalan, Mataki Bayan Mataki

Duk lokacin da wata jaridar Dublin ta fito da sababbin alƙaluma, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa daga masu bin siyasar Ayalan, musamman ɗalibai da ma'aikatan lafiya da ke zaune a can da kuma 'yan uwansu na gida: jam'iyyar da aka ce tana kan gaba ita ce za ta kafa gwamnati? Me ya sa jarida kaza ta ba wata jam'iyya kashi 24, wata kuma ta ba ta kashi 20 a mako guda? Wannan jagora ta jera yadda ake bin irin waɗannan alƙaluma tun daga ranar da aka wallafa su har zuwa ranar ƙirga, kuma jerin yana da muhimmanci, domin wanda ya tsallake matakan farko ya faɗa kan lissafin kujeru zai gina lissafinsa ne a kan lambar da bai san asalinta ba.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Ana buƙatar waya ko kwamfuta mai intanet, da kalkuletar da ke cikin wayar, da littafin rubutu wanda za a ja wa layuka. A kowane layi za a rubuta kamfanin da ya yi binciken, da kwanakin da aka yi tambayoyin, da yawan mutanen da aka tambaya, sannan kason kowace jam'iyya. Jaridun Irish Times da Business Post da Sunday Independent suna kulle yawancin sharhinsu sai an biya kuɗin wata, amma ba dole ba ne a biya, domin tashar RTÉ tana kawo manyan alƙaluman kyauta, kamfanin Red C yana sakin cikakken rahotonsa a shafinsa, sannan akwai Irish Polling Indicator, aikin masana biyu, Tom Louwerse da Stefan Müller, wanda ke tattara binciken kamfanoni daban-daban ya fitar da matsakaici. Abin da za a kashe bai wuce kuɗin data da ɗan lokaci ba.

1. Fara da sanin wanda ya yi binciken da yadda ya yi shi

Kafin ka dubi ko da lamba ɗaya, nemi sunan kamfanin, wanda galibi yana can ƙasan labarin da ƙananan haruffa. Ipsos B&A ne ke yi wa Irish Times, kuma an san shi da tura ma'aikata gida-gida su yi tambaya ido da ido, yawanci mutum 1,200. Red C na yi wa Business Post ta intanet da mutum wajen 1,000. Ireland Thinks na yi wa Sunday Independent, shi ma ba ya zuwa gidan kowa, saƙo yake aika wa mutanen da ke cikin rajistarsa.

Bambancin hanyar yana shafar sakamako. Mai sayen hatsi da ya soka ƙarfe a buhu ya ɗebo ɗan kaɗan zai iya sanin abin da ke cikin buhun gaba ɗaya, muddin dai ba daga saman da mai kaya ya shirya masa kaɗai ya ɗiba ba. Wanda ya yarda ya shiga rajistar amsa tambayoyi ta intanet galibi ya fi sauran jama'a bin labarai da zafin siyasa, wanda kuma aka tarar a gida zai iya jin nauyin faɗa wa baƙo fuska da fuska cewa wata jam'iyyar da ake yi wa kallon banza yake so. Kamfanonin suna gyara wannan ta hanyar daidaita alƙalumansu da ƙidayar jama'a, wato shekaru da jinsi da yanki da matsayin aiki, wasu har da jam'iyyar da mutum ya ce ya zaɓa a zaɓen baya, amma gyaran ba ya share bambancin duka. Shi ya sa kowane kamfani ke da ɗabi'arsa, wani yakan ɗaga wata jam'iyya da maki ɗaya ko biyu a kai a kai, wani yakan sauke ta.

Hattara: ƙuri'ar da ake dannawa a X ko Facebook ko a shafin wata jarida, wadda kowa ke iya shiga ya kuma gayyato abokansa, ba ta cikin abin da ake magana a kai, ko da mutum 50,000 ne suka danna. Haka nan binciken da wata jam'iyya ta biya aka yi mata sannan ta tsegunta wa 'yan jarida rabinsa.

2. Rubuta kwanakin tambaya, ka bar ranar wallafawa

Jarida na iya fitowa ranar Lahadi ko Litinin da binciken da aka gama tun tsakiyar mako, saboda haka duk abin da ya faru a tsakani ba ya ciki. A zaɓen 2024 an ga misalin da ya isa a riƙe. Ranar 22 ga Nuwamba, mako guda kafin zaɓe, kyamarar RTÉ ta ɗauki firaminista na lokacin, Simon Harris na jam'iyyar Fine Gael, a wani kanti a garin Kanturk da ke yankin Cork, yana gaggawar rabuwa da wata mai kula da masu buƙata ta musamman da ta tsayar da shi da ƙorafi, hoton ya bazu, shi kuma ya nemi afuwa daga baya. Bayan kwana uku Irish Times ta wallafa binciken da ya nuna Fine Gael ta sauko daga kashi 25 zuwa 19, nan take mutane suka ɗora dukan faɗuwar a kan abin da ya faru a kantin, alhali an fara tambayoyin tun kafin abin ya faru. Ke nan jam'iyyar ta riga ta soma zamewa, kuma a ranar zaɓe kashi 20.8 ta samu.

3. Tabbatar da zaɓen da aka yi tambaya a kansa

Tambayar da aka saba yi ita ce: da za a yi zaɓen majalisar dokoki ta Dáil yanzu, ɗan takarar wace jam'iyya za ka ba lamba ɗaya, wato ka sa shi a matsayin wanda ka fi so? Amsar wannan tambaya ba ta aiki a zaɓen ƙananan hukumomi ko na majalisar Turai ko na shugaban ƙasa. A watannin da suka gabaci zaɓen ƙananan hukumomi na 7 ga Yunin 2024, jam'iyyar Sinn Féin tana sama da kashi 20 a binciken zaɓen Dáil, amma abin da ta samu a ƙananan hukumomin bai kai kashi 12 ba. Juyin wannan ma ya taɓa faruwa, domin a Mayun 2019 kashi 9.5 ta samu a ƙananan hukumomi, sai ga ta da kashi 24.5 a babban zaɓen Fabrairun 2020, tana gaban kowa.

Masu jefa ƙuri'ar ma ba ɗaya ba ne. A zaɓen ƙananan hukumomi duk mazaunin ƙasar da ya kai shekara 18 ya kuma yi rajista yana da ƙuri'a, ko ɗan Najeriya ne ko ɗan Nijar ko ɗan Sudan. A zaɓen Dáil 'yan ƙasa ne da 'yan Birtaniya mazauna ƙasar, a zaɓen shugaban ƙasa da ƙuri'ar raba gardama kuwa 'yan ƙasa ne zalla.

4. Nemo waɗanda ba su tsai da magana ba

Lambobin da ke kan kanun labari an riga an cire musu waɗanda suka ce ba su san wanda za su zaɓa ba, da waɗanda suka ce ba za su fita ba. A cikin cikakken rahoton za ka tarar da jeri na biyu wanda ba a cire kowa ba, shi ya kamata ka fara kwafewa. A ɗauka, don misali kawai, wata jam'iyya ta samu mutum 17 cikin kowane 100 da aka tambaya, mutum 20 kuma suka ce ba su yanke shawara ba. Za a raba 17 da 80, sai ta fito a jarida da kashi 21. Idan a wata mai zuwa magoya bayanta suna nan 17 ɗinsu, amma masu shakka suka ƙaru zuwa 26, za ta fito da kashi 23, jarida ta rubuta cewa ta ƙara farin jini, alhali ko mutum ɗaya ba ta ƙara ba.

Hattara: cire masu shakka yana nufin an ɗauka za su rarrabu kamar yadda sauran suka rarrabu, ko kuma za su zauna a gida. A ƙuri'ar raba gardama wannan zato yakan karye. Kafin ƙuri'ar 8 ga Maris 2024 a kan sauya sassan tsarin mulki da suka shafi iyali da kula da 'yan gida, binciken watan Fabrairu ya nuna masu amincewa a gaba tare da ɗimbin masu shakka, amma da aka ƙirga, kashi 67.7 suka ƙi sauyi na farko, kashi 73.9 suka ƙi na biyu. A 2013 ma binciken ya nuna za a amince da rushe majalisar dattawa ta Seanad, sai masu ƙi suka yi rinjaye da kashi 51.7. Idan ka ga masu shakka sun kai kashi ɗaya cikin huɗu a irin wannan ƙuri'a, ka ɗauka galibinsu ɓangaren a'a za su karkata, domin wanda bai fahimci sauyi ba ya fi yarda da barin abu yadda yake.

5. Yi lissafin tazarar kuskure da hannunka

Nan ne aka fi yin tuntuɓe, don haka a bi a hankali. Rahoton zai ce tazarar kuskure maki 3 ce sama ko ƙasa idan mutum 1,000 aka tambaya, ko 2.8 idan 1,200 ne. Hanya mafi sauƙi ta samun wannan lamba ita ce ka ɗauki tushen murabba'in yawan mutanen a kalkuleta, ka raba 98 da shi. Tushen 1,000 ya kusa 31.6, idan ka raba 98 da shi za ka samu 3.1. Ma'anarta kuwa ita ce a cikin bincike 20 irin wannan, ana sa ran 19 za su faɗa cikin wannan tazara, ɗaya kuma zai kauce ba tare da kowa ya yi laifi ba. Tunda kamfanonin suna fitar da bincike da dama a kowace shekara, dole ne a riƙa samun wanda ya kauce, kuma shi ne wanda ya fi samun manyan kanun labari.

Wannan maki 3 na jam'iyyar da ke da kashi 50 ne, kuma babu irinta a Ayalan. Ga jam'iyyar da ke wajen kashi 20 tazarar ta kusa maki 2.5, ga mai kashi 5 kuma ba ta kai maki ɗaya da rabi ba. Wannan yana da amfani wajen duba ƙananan jam'iyyu irin su Labour da Social Democrats da Aontú da Green, domin tashi daga kashi 4 zuwa 8 babban motsi ne a wajensu, alhali sauka daga 22 zuwa 20 ga babbar jam'iyya ba komai ba ne.

Idan kuma kana kwatanta jam'iyyu biyu ne, tazarar takan faɗaɗa, tunda kowace lamba tana da nata rawar. Jam'iyyu biyu da ke kusa da kashi 20 a binciken mutum 1,000 sai ratarsu ta kai wajen maki 4 kafin ka iya cewa ɗaya tana gaban ɗaya da gaske. Haka nan idan kana kwatanta binciken wannan wata da na watan jiya, sauyin da bai kai maki 3 da rabi ba yana iya zama rawar lamba kawai. A zaɓen 2020 da na 2024 duka, manyan jam'iyyu uku, Fianna Fáil da Fine Gael da Sinn Féin, sun gama ne da ratar da ba ta kai maki 4 ba tsakanin ta farko da ta uku, wanda ke nufin babu wani bincike guda na mutum 1,000 da zai iya jera su daidai sai da sa'a.

Hattara: idan rahoto ya ce matasa 'yan shekara 18 zuwa 24 sun juya wa wata jam'iyya baya, ko kuma yankin Munster ya koma wata, duba mutum nawa ne a wannan rukuni. Mutum 250 suna da tazarar maki 6, mutum 150 kuma maki 8. Irin waɗannan lambobi sai an gan su suna maimaituwa sau uku ko huɗu kafin a ɗauke su da nauyi. Sannan tazarar kuskure ba ta ƙunshi kuskuren zaɓen waɗanda aka tambaya ba, ba ta kuma san wanda zai fita ranar zaɓe ba. A 2024 kashi 59.7 ne kawai na masu rajista suka fita, kuma tsofaffi sun fi matasa fita, abin da ke cutar da jam'iyyar da ƙarfinta ke wajen matasa da masu haya.

6. Kwatanta kamfani da kansa, sannan ka dubi alkibla

A littafinka ka ware wa kowane kamfani shafinsa. Red C na wannan wata da Red C na watan jiya ake haɗawa, ba a haɗa shi da Ipsos B&A na makon jiya a ce an samu hawa ko sauka. Idan kamfanoni uku, kowanne a shafinsa, suka nuna jam'iyya tana sauka wata uku a jere, to wannan sauyi ne na gaske ko da a kowane wata maki ɗaya ne. Haka Sinn Féin ta yi, daga kashi 36 da ta taɓa kaiwa a 2022 lokacin da matsalar gidaje da tsadar haya suka cika bakin jama'a, ta riƙa zubewa sannu a hankali tun daga ƙarshen 2023, lokacin da batun baƙi masu neman mafaka ya ɗau zafi, musamman bayan tarzomar Dublin ta 23 ga Nuwambar wannan shekara, har ta tsaya a kashi 19 a zaɓe. Babu wani bincike guda da ya nuna wannan faɗuwa, jerin ne ya nuna ta.

Bayan ka ga alkibla, sai ka tambayi kanka ina ƙuri'un suka tafi. Idan Fianna Fáil ta ƙaru da maki 2 Fine Gael ta ragu da 2, kusan babu abin da ya sauya game da wanda zai yi mulki, tunda tare suke gwamnati tun Yunin 2020. Saboda haka yana da kyau ka ƙara layuka uku a littafin: jimillar waɗannan biyun, jimillar Sinn Féin da jam'iyyun hagu, da jimillar 'yan takara masu zaman kansu tare da ƙananan jam'iyyu irin su Independent Ireland da Aontú. Motsi daga wannan rukuni zuwa wancan ya fi motsin cikin gida ma'ana.

Hattara da tashin sabon shugaba. Bayan firaminista Leo Varadkar na Fine Gael ya sauka, Simon Harris ya zama firaminista a Afrilun 2024, Fine Gael ta yi ta hawa har kaka, amma ribar ta narke a makonni uku na yaƙin neman zaɓe. Farin jinin shugaba ma lamba ce dabam da ta jam'iyya, kada a haɗa su, domin a Ayalan ba a zaɓen firaminista kai tsaye, ɗan majalisar mazaɓa ake zaɓa.

7. Mayar da kaso zuwa kujeru

Wannan mataki shi ne ya bambanta Ayalan da ƙasashen da mai ƙuri'a mafi yawa ke kwashe kujera, kuma wanda ya saba da zaɓen Najeriya ko na Birtaniya nan ne ya kamata ya ajiye abin da ya saba. Majalisar Dáil tana da kujeru 174 daga mazaɓu 43, kowace mazaɓa tana fitar da 'yan majalisa 3 ko 4 ko 5. Mai zaɓe ba ya dangwala wa mutum ɗaya, lamba yake rubutawa a gaban sunayen: 1 ga wanda ya fi so, 2 ga na biye, haka har inda ya ga dama ya tsaya. Binciken jin ra'ayi lamba 1 kaɗai yake aunawa.

Da farko ka fitar da adadin hayewa, wato yawan ƙuri'un da ɗan takara ke buƙata ya ci kujera. Ana raba ƙuri'u masu kyau da yawan kujeru bayan an ƙara ɗaya, sannan a ƙara ƙuri'a guda. Mazaɓa mai kujeru 4 da ƙuri'u 60,000, a raba da 5 a samu 12,000, adadin hayewa ya zama 12,001. A taƙaice kashi 25 ne a mazaɓa mai kujeru 3, kashi 20 a mai 4, kusan kashi 16.7 a mai 5. Wanda ya wuce adadin, rarar ƙuri'unsa za ta mirgina zuwa ga waɗanda aka rubuta wa lamba ta gaba, wanda ya zo na ƙarshe kuma a cire shi a rarraba nasa, a yi ta zagayawa har kujerun su cika.

Abu uku ne ke sa kaso da kujeru su saɓa. Na farko shi ne wanda ake ba lamba 2 da 3. A 2024 magoya bayan Fianna Fáil da Fine Gael sun miƙa wa juna lambobi sosai, sai Fianna Fáil da kashi 21.9 na ƙuri'a ta tashi da kujeru 48, wato sama da kashi 27 na majalisar. Fine Gael da kashi 20.8 ta samu 38, Sinn Féin da kashi 19 ta samu 39, wato ta uku a ƙuri'a ta zama ta biyu a kujeru.

Na biyu shi ne yawan 'yan takara. A 2020 Sinn Féin, wadda ta sha kashi a ƙananan hukumomi watanni kaɗan kafin nan, ta tsayar da mutum 42 kawai a zaɓen kujeru 160, sai guguwa ta taso ba ta da isassun mutanen da za su ci moriyarta. A Waterford, David Cullinane ya samu ƙuri'u sama da 20,000 na lamba ɗaya ba shi da abokin takara daga jam'iyyarsa, rarar ta tafi ga wasu. Ta zo ta ɗaya a ƙuri'a amma kujeru 37 ta samu, Fianna Fáil mai kashi 22.2 ta samu 38 idan an haɗa da kujerar kakakin majalisa, wanda ake mayarwa ba tare da takara ba. Tsayar da 'yan takara fiye da kima shi ma yana da nasa haɗari, domin ƙuri'ar takan rarrabu a cire su ɗaya bayan ɗaya.

Na uku shi ne inda ƙuri'ar take. A 2024 Labour da kashi 4.7 da Social Democrats da kashi 4.8 kowacce ta samu kujeru 11, saboda ƙarfinsu ya taru a wasu mazaɓu kuma ana ba su lambobin baya. Aontú da kashi 3.9 kujeru 2 ta samu, Green da kashi 3 ta tsira da kujera ɗaya tak daga 12 da take da su. Bambancin da bai kai maki ɗaya ba a ƙuri'a ya zama bambancin kujeru 9.

A ganina hanya mafi aminci ga mai lissafi a gida ita ce ya ninka kason babbar jam'iyya da 174, ya ɗauki abin da ya fito a matsayin ƙasan abin da za ta iya samu idan tana da abokan miƙa lamba da isassun 'yan takara, sannan ya rubuta tsakanin kaza da kaza maimakon lamba guda. Ga jam'iyyar da ke ƙasa da kashi 6, ninkawa ba ta da amfani, sai dai a bi mazaɓunta ɗaya-ɗaya a ga inda take da ɗan takarar da zai iya kai rabin adadin hayewa a zagayen farko.

Hattara: 'yan takara masu zaman kansu sukan ɓata lissafin ƙasa baki ɗaya. Mutane irin su Michael da Danny Healy-Rae a Kerry, ko Michael Lowry a Tipperary, ƙuri'arsu ta ƙashin kansu ce, ta hanya da asibiti da zuwa jana'iza, kuma mai amsa tambaya yakan ambaci sunan jam'iyya sannan a rumfa ya ga sunan mutumin garinsu ya ba shi lamba 1. A 2024 masu zaman kansu 16 suka haye.

8. Ƙirga zuwa 88

Rinjaye a majalisa mai kujeru 174 yana farawa daga 88, kuma babu jam'iyyar da ke kusa da wannan ita kaɗai. Ɗauki kujerun da ka ƙiyasta ka riƙa haɗawa, amma ka haɗa waɗanda suka yarda su zauna tare kawai. Kafin zaɓen 2024 shugabannin Fianna Fáil da Fine Gael sun fito fili sun ce ba za su yi gwamnati da Sinn Féin ta Mary Lou McDonald ba, saboda haka ko da ta zo ta ɗaya, hanyarta ta kai 88 ba ta da faɗi. Su biyun sun tashi da 86, suka cike gurbin da wasu masu zaman kansu, Micheál Martin na Fianna Fáil ya zama firaminista ranar 23 ga Janairun 2025, kusan wata biyu bayan zaɓe. A 2020 an fi haka jira, daga 8 ga Fabrairu har 27 ga Yuni.

9. Makon ƙarshe da daren zaɓe

Babu dokar da ta hana wallafa bincike dab da zaɓe a Ayalan, don haka alƙaluma sukan yi ta fitowa har kwanakin ƙarshe, kuma su ne suka fi cancantar a ba su nauyi, domin mutane da yawa a makare suke yanke shawara. A zaɓen shugaban ƙasa wannan ya fi tsanani, tunda mutum ake zaɓa. A 2011 Seán Gallagher yana da wajen kashi 40 kwanaki kaɗan kafin zaɓe, muhawara guda a talabijin ta juya lamarin, ya gama da kashi 28.5, Michael D. Higgins ya ci. A 2018 Peter Casey, wanda binciken farko bai ba shi abin kirki ba, ya tashi da kashi 23.

Ana rufe rumfuna da ƙarfe 10 na dare agogon Ayalan, wato 11 na dare a Najeriya da Nijar idan lokacin hunturunsu ne, a lokacin bazararsu kuwa agogon ɗaya ne. A zaɓen Dáil, a daidai wannan lokaci RTÉ ke sanar da binciken da aka yi a ƙofar rumfunan zaɓe, inda ake tambayar wajen mutum 5,000 da suka riga suka jefa ƙuri'a. Ya fi kowane bincike ƙarfi tunda babu mai shakka a ciki, amma ka rubuta shi da fensir. A 2020 ya ba Sinn Féin kashi 22.3 ta samu 24.5. A 2024 ya sa ta a gaba da 21.1, Fine Gael 21, Fianna Fáil ta uku da 19.5, sai ƙirga ta juya jerin kai ƙasa. Sau biyu ke nan kuskuren ya wuce maki 2, ya kuma zarce tazarar da aka sanar, kuma ba ɓangare ɗaya ya karkata ba.

Da ƙarfe 9 na safiyar washegari ake buɗe akwatuna, a ƙirga takardun da hannu. A zauren ƙirga, irin na RDS da ke Dublin, wakilan jam'iyyu sukan jeru a bayan shinge suna leƙen kowace takarda da ma'aikaci ya buɗe ya shimfiɗa a tebur, suna jan layi a gaban sunan wanda aka ba lamba 1, akwati bayan akwati, daga baya jam'iyyun su haɗa lissafinsu wuri guda duk da adawar da ke tsakaninsu. Zuwa tsakar rana wannan lissafi na bayan shinge yakan nuna kason zagayen farko kusan daidai a yawancin mazaɓu, sai ka ajiye binciken daren jiya ka koma kansa. Kujerar ƙarshe a kowace mazaɓa kuwa takan jira zagaye na goma ko fiye, wani lokaci da sake ƙirga, don haka ka bar layin jimillar kujeru a buɗe har kwana biyu ko uku kafin ka cike shi da biro.